Wai don wa masana teku suke bincikensu?

Jiya da daddare na zauna kallon bidiyon wani masanin teku yana bayanin aikinsa, mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana fita cikin jirgi yana auna ruwa, kana ganin fuskarsa ka san abin na damunsa har zuci, amma wallahi ko minti biyar ba a yi ba na rasa inda ya dosa. Jadawali kan jadawali, ga manyan kalmomi ba ko fashin baƙi. Kuma ni mai son harkar ne fa, da kaina na nemo bidiyon, to ina ga wanda ya ci karo da shi yana cikin latse-latsen waya?

Abin ya tsaya min a rai, don abin da mutanen nan suka sani ba ƙarami ba ne. Teku ya mamaye kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga cikinsa take fitowa, daga wasu ƙananan halittu masu kama da tsiro da ido ma ba ya ganinsu. Amma ilimin ya maƙale a mujallun da sai ka biya kuɗi ka buɗe, in ka buɗe ma da Turancin da sai ɗan'uwansu masani zai gane.

Ga misali. Za su ce maka ma'aunin pH (wato ma'aunin tsamin ruwa) na saman teku ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. Don Allah wa zai tada hankalinsa kan 0.1? Ai kowa zai ce ba komai. Alhali ma'aunin nan ba irin na tef ɗin awo ba ne, kowane hawa ɗaya ninki goma yake nufi, wannan ɗan saukar da ake rainawa ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin 100, saboda teku na shanye wajen kashi ɗaya bisa huɗu na iskar kabon da muke fitarwa. Da mutumin zai ɗauko ɓawon katantanwa ya jefa a kofin ruwan khal a gaban jama'a, su ga ƙananan kumfa na tasowa daga jikinsa, washegari a ɗago shi ya yi laushi ya zaizaye, sannan ya faɗa musu gaskiya cewa teku bai kai haka tsami ba kuma ba zai kai ba, amma hanyar ke nan da take wahalar da murjani da sauran halittu masu ɓawo wajen gina jikinsu, ai ko yaro ya gane. Ba a yi ƙarya ba, ba a rage ilimin ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na tsibirin Simeulue a Indonesiya. Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa ta taso da igiyar tsunami da ta hallaka mutum sama da 220,000 a ƙasashe da dama. Simeulue na dab da inda girgizar ta faro, ga mutum sama da 70,000 a cikinsa, amma mutum 7 aka rasa. Dalili kuwa, a 1907 irin wannan bala'in ya taɓa auka musu, waɗanda suka tsira suka mayar da abin labari da waƙar reno, suna kiransa smong, kaka ta faɗa wa jika: in ƙasa ta girgiza sosai ka ga ruwan teku ya ja da baya, kada ka tsaya, ka hau tudu. A wasu gaɓoɓin kuwa da ruwa ya janye mutane gangarawa suka yi kallo da tsintar kifi. Masana sun san wannan alamar tun tuni, tana cikin littattafansu. Ba ta kai kunnen masu buƙatarta ba ne kawai, kuma duk sanda na tuna haka sai jikina ya yi sanyi.

Ba cewa nake masani ya ajiye na'urorinsa ya koma waƙa ba. Cewa nake ya duba yadda kakannin nan suka shirya saƙon: ga abin da za ka gani, ga abin da za ka yi. Kuma labaran da za su ja hankali suna hannun masana, ba su bayarwa ne. Mutum nawa suka san akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da suke yawo a tekunan duniya, kowace ta nutse har mita 2,000, bayan kwana goma ta taso ta aika wa tauraron ɗan adam zafin ruwa da gishirinsa, ta sake komawa ƙasa? Irin su ne suka taimaka aka tabbatar teku ne ke haɗiye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ɗumamar yanayi ke tarawa. Akwai wanda ya nuna abin zai yiwu: Ed Hawkins, masanin yanayi na Jami'ar Reading a Ingila, a 2018 ya zana zafin shekaru da zane-zanen shuɗi da ja kawai, babu lamba ko ɗaya, hoton ya zaga duniya.

Sai kuma sauraro, wanda nake ganin nan ne aka fi gazawa. Masuntan Peru ne suka lura da ɗumin ruwan da kan zo musu wajen ƙarshen shekara har suka raɗa masa suna El Niño, tun kafin masana su gano yadda yake juya damina da fari a nahiyoyi. Wanda kullum yake kan ruwa yana da abin faɗa, in ka fara tambayarsa me ya gani ya canza, shi ma zai ba ka kunnensa.

Na san laifin ba nasu kaɗai ba ne, jami'o'i takardun da ka wallafa suke ƙirgawa wajen ƙarin girma, awa biyun da ka yi a gidan rediyo ba mai lissafa maka ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na kimiyyar teku, lokacin kuwa yana ta tafiya. Ni dai abin da nake so in gani kafin ya ƙare, duk kuɗin binciken da aka bayar a ware wani abu a ciki na mai fassara da mai zane da lokacin rediyo, masanin ya zauna a buɗe layin waya, masunci ya bugo da harshensa ya tambaye shi me ya sa kifin da yake kamawa kusa da gaɓa yanzu sai ya yi nisa kafin ya same shi.