Jan biron Malam

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Duk lokacin da aka turo mini saƙon nan mai "tura wa mutum goma ka ga buɗi", sai in tuna wani dattijo da na taɓa haɗuwa da shi a tashar Jega. Muna jiran motar Birnin Kebbi ta cika, yana gefena a benci, farar riga ta sha wanki, takalmin roba, yana ɓare gyaɗa. Sai ga wani ɗalibi ya durƙusa ya fiddo littafi daga jaka: "Allah gafarta Malam, ba kai ne ka rubuta wannan ba?" Ashe marubucin nan ne da muka sha karanta littattafansa tun muna Islamiyya.

Yaron so yake a sa masa hannu. Malam ya karɓa, ya duba shekarar bugu, ya buɗe wani shafi can tsakiya ba lalube, ya zaro jan biro ya soke layi guda, ya yi gyara a gefe. Ya ce hadisi ne ya jingina wa Bukhari alhali ba can yake ba. An gyara a bugu na biyu, amma na farkon ya riga ya watsu har Nijar, shi ya sa duk inda ya ci karo da shi yake gyarawa da hannunsa.

Layi ɗaya fa, jama'a! Mu kuwa kafin a sauko daga sallar Asuba mun tura hadisin da ba mu san asalinsa ba, mun tura tsohon bidiyon harin 'yan bindiga an ce jiya aka yi, hankalin masu 'yan uwa a ƙauye ya tashi a banza. In an yi magana mu ce "ni ma turo mini aka yi". Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, Muslim ne ya ruwaito. Aya ta 18 a Suratu Ƙaf kuwa ta gaya mana babu maganar da mutum zai furta face akwai mai tsaro a shirye. Kana ganin abin da yatsa ya latsa zai kuɓuce musu?

Rubutu ba ya bin mai shi kabari. Shehu Abdullahi na Gwandu ya rasu tun 1829, har yau ana buɗe tafsirinsa Liya'ut Ta'wili a zaurukan karatu, muna kyautata zaton ladan na isa gare shi. Haka wanda ya yi kira zuwa ga ɓata, zunubin waɗanda suka bi shi na hawa kansa.

Don Allah, in ka gano abin da ka tura ba gaskiya ba ne, kada ka goge a ɓoye ka yi shiru. Wasu sun riga sun karanta, wasu sun tura gaba. Koma inda ka tura, ka rubuta da sunanka cewa ba haka ba ne, ka roƙi waɗanda suka yaɗa su isar da gyaran.