Marian Anderson da shekarun da aka cinye mata

A nan Amurka, da an ambaci Marian Anderson sai a tuna ranar 9 ga Afrilu 1939, da ta tsaya a gaban ginin tunawa da Lincoln a Washington ta rera waƙa ga mutum kusan 75,000, bayan ƙungiyar mata ta DAR (Daughters of the American Revolution) ta hana ta zauren Constitution Hall don baƙar fata ce. Ni kam abin da ya fi ci min rai shi ne lokacin da aka ɓata mata.

A gida, mawaƙi a bayan ubangidansa yake tasowa. Ya fara da amshi, ya iya kalangu, wata rana ya ja nasa ayarin. Matan amada ƙwarya ta ishe su. Fada ta ƙi ka, gidan biki na nan.

Irin waƙar da Anderson ta zaɓa, wato waƙar zaure ta Turawa irin su opera, ba ta yiwuwa haka. Ba a amfani da makirufo, sai muryar ta cika zaure ta hau kan kayan kiɗan gaba ɗaya. Wannan na buƙatar shekaru ana koyon jan numfashi daga ciki. Wanda ya matsa maƙogwaro, muryarsa ta dushe da wuri. Sai karatun rubutun kiɗa, da furta Jamusanci, Italiyanci da Faransanci daidai, da mai piyano da za a biya. Kowane mataki yana da ƙofa, kuma a zamaninta Turawa ke riƙe da makullin.

Wata makarantar kiɗa a garinsu Philadelphia ta ƙi karɓarta. 'Yan cocinsu, Union Baptist, inda ta fara waƙa tana shekara 6, su suka yi karo-karo aka biya malaminta Giuseppe Boghetti. Ta ci gasa a 1925 ta yi waƙa da ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic, duk da haka sai da ta ƙetara Turai kafin a san darajarta. A Salzburg ta ƙasar Austria a 1935 shahararren jagoran makaɗa Toscanini ya ce irin muryarta sau ɗaya ake ji a shekara ɗari.

Murya kuwa ba ta jira, tsoka ce, tana tsufa. Sai ranar 7 ga Janairu 1955 Metropolitan Opera, babban gidan opera na New York, ta buɗe mata ƙofa, ta fito a matsayin Ulrica a wani wasan opera, mawaƙiya baƙar fata ta farko da ta samu babban matsayi a dandalin. Shekarunta 57 a lokacin, ganiyar muryar ta wuce. Bayan shekara goma ta yi waƙar bankwana a zauren Carnegie Hall.