Malamin da alawus ɗin bautar ƙasa ya fi albashinsa

Ɗan ƙanwata ya gama bautar ƙasa kwanan baya, da digirinsa na koyar da lissafi. Ranar da ya cire kaki ya zo gaishe ni, baki har kunne. Bayan wata biyu sai ga shi da takardar ɗaukar aiki daga wata makarantar kuɗi a unguwarsu: naira 35,000 a wata, ajujuwa huɗu, har da darasin Asabar. Ya ajiye ta a kan tabarma ya ce, "Kawu, ashe da kakin nan na fi kuɗi."

Gaskiya ya faɗa. Tun Maris na 2025 ake biyan masu bautar ƙasa naira 77,000 a wata, maimakon 33,000 na da. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a Yulin 2024. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a bayan wannan katanga ƙananan makarantu da yawa suke fakewa.

Abokan karatunsa kowa da tasa sa'ar. Wanda ya samu aikin gwamnatin tarayya da digiri zai fara a matakin albashi na 8. Likita yana da tsarin albashinsa daban, CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya suna da CONHESS. Ba na ƙyashin likita ko kaɗan, shekara shida ya yi yana karatu, kuma duk da haka ga su nan suna tafiya Saudiyya da Ingila. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya koya wa likitan lissafi a sakandare, shi aka bari a ƙasan kowa.

Yara kuma suna kallo. Ka shiga aji uku na babbar sakandare ka tambayi wa ke son zama malami, ka ƙirga hannuwa. Ita kanta JAMB maki 100 ta yanke wa kwalejojin ilimi a matsayin mafi ƙarancin makin shiga a 2025, jami'o'i kuwa 150. Mun mayar da koyarwa matattarar wanda ya rasa gurbi, sannan muna kukan yaranmu suna faɗuwa jarrabawa.

Masu makarantu za su ce iyaye ba sa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Na yarda, ana cikin matsi. Amma jihohi ne ke ba su rajista, don haka jihohi na da ikon sa mafi ƙarancin albashin malami cikin sharuɗɗan rajistar. A Oktoban 2020 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. An dai ƙara shekarun ritaya zuwa 65, amma matashin da ke bakin ƙofa albashin watan farko yake dubawa.

Yaron ya karɓi aikin, don zaman banza ya fi ciwo. Da la'asar kuwa yana zama a rumfar POS ta abokinsa, har ya fara tambayar nawa ake sayar da na'urar.