Siminti ba ya gyara ginin ƙasa, ku daina kashe mana tarihi da sunan gyara

Haba jama'a! Kullum sai a tara mutane a otal a Kaduna a ce za a zuba jari a wuraren tarihi, birnin Zazzau zai farfaɗo, 'yan yawon buɗe ido za su kwararo. Ana watsewa, abin da ke isa cikin birni tifar yashi ce da buhunan siminti da bokitin fenti. Wallahi wannan ɓarna ce, kuma da kuɗin talakawa ake yin ta.

Bangon ƙasa yakan sha danshi da damina, rana ta fito ya fitar da shi. Ka shafe shi da siminti, ka toshe masa mafita. Ƙasa tana kumbura tana tsukewa, siminti ba ya bin ta, dole ya tsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya taru a gindin bango. Daga waje sumul da fenti, daga ciki tubali ya koma taɓo. Bayan damina biyu ko uku ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, sai wata rana simintin ya ɓallo gaba ɗaya ya taho da naman bangon. Kowane tsohon magini a Zariya ya san wannan. Me ya hana a tambaye shi?

Aikin gaskiya ba ɓoyayye ba ne. A samo jar ƙasa mai kyau, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana tana ruɓewa, a sake jiƙawa a sake takawa. Tubali da hannu ake mulmula shi, ya sha rana kamar mako biyu kafin ya hau gini, kuma ba a ɗora sahu a kan sahun da bai sha iska ba. Yaɓen waje da makuba ake yi, ruwan ɓawon ɗorawa. Rufin soro kuma laso yake so, wato shafen da ke hana ruwa shiga: katsi (abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini) daga marina, gashin jima daga majema, da tsiron dafara. Ga inda abin yake ƙona rai: marina sun ragu, majema sun ragu, ɗorawa da giginya ana sarewa ba a dasawa. Wanda ya ce zai raya tsohon birni bai ware ko sisi don waɗannan sana'o'i ba, da me zai yi laso? Ina zai samo azara? Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma idan aka shimfiɗa ta miƙe ba ta son tazarar da ta kai mita 2, shi ya sa magina ke ɗaura bakan gizo a manyan soraye. Ɗan kwangila ya cire azarar ya kafa katako, gara ta gama da shi, nauyin rufi ya rasa mariƙi.

Sai ruwa, wanda shi ne babban abokin gaba. Yankin nan yana samun sama da milimita 1,000 a shekara, mafi yawa a Yuli da Agusta. Indararo ɗaya da ya toshe ko ya gajarta ya isa ya ci bango, domin ruwan zai riƙa bin jikinsa maimakon ya zuba nesa. Sannan a zo a yi titi a cikin unguwa, a ɗaga shi ya fi dokin ƙofar gidaje tsawo, a bar kwata cike da leda. Ruwan titi ina zai je in ba gindin katanga ba? Ganuwa kuwa, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, je ka gani: nan an haƙi ƙasarta, can an jingina mata shago, gaba an mai da ita juji. An gyara bakin ƙofa don hoto, abin da ke bayanta yana narkewa.

Tsarin fitar da kuɗin ma a karkace yake. Ginin ƙasa aikin rani ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Kuɗi kuma sai ya ga dama yake fitowa, sau da yawa hadari ya riga ya haɗo, sai a ce a yi sauri a rufe da siminti. Neman kwangila sai da rajistar kamfani da takardar haraji, abin da maginin gado ba shi da shi. Mai takarda ya karɓi aikin, ya kawo birkiloli, gwanin yana zaune a daƙali yana kallo, 'ya'yansa sun koma acaɓa.

Kada wani ya ce wannan maganar ado ce. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda shugaban magina, Babban Gwani Mika'ilu, ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, wani sashensa ya rufta a kan masallata ranar 11 ga Agusta 2023 ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu. Bayan wannan, wane uzuri ya rage na barin tsohon gini ba mai duba shi kafin damina?

Cikin garin Kaduna ma kulawar yau da kullum ake buƙata. Gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga, da aka gina a Zungeru a 1904 aka kawo ta lambun Gamji a 1954, abin da take so a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito, a sa jan fenti mai hana tsatsa, sannan na sama. Fenti a kan tsatsa asarar kuɗi ce. Takardun da ke Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa suna buƙatar rufin da ba ya yoyo, maganin gara da wutar da ba ta yankewa.

Dokar kare wuraren tarihi tana nan tun 1979, a yi aiki da ita. A hana siminti taɓa duk ginin ƙasa da aka yi wa rajista. A ɗauki magina aiki da albashi, kowane da yara masu koyo. A saki kuɗin yaɓe a Nuwamba, a zaga a duba kowane indararo da kowace tsaga a Afrilu, a yashe kwatoci kafin ruwan farko, kuma a shata wa ganuwa iyaka a hukunta duk wanda ya sa mata diga.