Sakamako mai kyau ba ya tabbatar da hasashe

Ɗaliban ajin farko na ilmin halittu a jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero kan ɗauka cewa muddin gwaji ya fito yadda aka zata, to hasashe ya tabbata. A nan maki ke zubewa.

A ce tambaya ta zo haka: manomi a fadamar Argungu ya zuba sabon taki, shinkafarsa ta yi kyau. Takin ne sanadi? Wataƙila. Amma ruwa na iya wadata a shekarar, ko kuma iri ya canza. Sai an ware wani ɓangaren gonar, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya, a hana shi takin kawai, sannan kwatanci zai yi ma'ana.

Haka masanin kimiyya Francesco Redi ya yi a Italiya a 1668, don gwada ko nama ne da kansa ke haifar da tsutsa. Ya sa nama a kwalabe, ya rufe wasu, ya bar wasu a buɗe. Tsutsa ta fito ne a naman da ƙuda suka samu hawa.

Ko da ɓangaren takin ya fi yabanya, ka rubuta cewa sakamakon ya goyi bayan hasashen, kada ka ce ya tabbatar. Gwajin baɗi na iya rushe shi, kuma malamai na son ɗana tarko a wannan gaɓar.