A haɗa horon da kayan aiki

Na ji daɗin labarin nan na shirin koya wa matasa da manya sana'ar hannu, Allah ya sa a dore. Roƙona ɗaya, a duba abin da ke biyo bayan yaye ɗalibai. Ƙanwata ta yi wata shida tana koyon ɗinki a wata cibiya, har aikin wuyan riga ta ƙware. Ranar yayewa takardar shaida kawai aka miƙa mata, babu keke. Har yau keken maƙwabciya take ara da daddare, tana ɗinki da fitilar waya.

Su kuma 'yan sakandare, a riƙa kai su kasuwar Farm Centre a Kano su zauna da masu gyaran waya kafin su zaɓi sana'a.