Aljani tun a shafin farko? Haba jama'a

Ku ji abin da aka yi a wani zauren masu karatu. Wata baiwar Allah ta saki labarin ban tsoro, ta yi shafi biyar ba ta fito da aljani ba, aka yi mata caa. Wai ina kofato, wai ina jini. Har da mai ba ta shawarar ta buɗe da matsafi riƙe da wuƙa a layin farko. Sannunku da ƙoƙari, shehunan adabi.

Tsoro a cikin jira yake. Da zarar ka nuna abin, ka kashe labarinka da hannunka. Mai karatu ya ga jan ido, ya ga kofato, ya ji dariyar nan mai amsa-kuwwa, shi ke nan ya san iyakar abin, ya kuma san shafi na gaba za a kira malam. Abin da aka san iyakarsa ba ya hana kowa barci.

Ku duba littafin Mexican Gothic na Silvia Moreno-Garcia da ya fito a 2020. A Meziko ne, shekarun 1950, budurwa ta tafi duba 'yar uwarta da aka aurar gidan wasu Turawan Ingila masu tsohuwar mahaƙar azurfa. Me take gani? Bango mai danshi ya yi fumfuna, dokar kada a yi magana wurin cin abinci, da tsohon mai gida da ba shi da zance sai na jini da asali. Sai an ci fiye da rabin littafin asirin gidan yake fitowa, kafin nan tsikar jikinka ta tashi ba adadi. Haka Mariana Enriquez ta Ajantina a tarin gajerun labaranta na 2016: lungunan Buenos Aires take kai ka, a ƙasar da mulkin soja na 1976 zuwa 1983 ya ɓatar da dubban mutane ba a ga ko gawarsu ba. Ba ta gaggawar nuna maka komai, don ta san mutanenta sun riga sun saba da tsoron wanda ya fita bai dawo ba.

In labarinka kalma 3,000 ne, dubun farko kada ko inuwar aljani ta gifta. Abu ɗaya tak za ka karkatar. Amarya ta wanke kwano shida da magariba ta kife, da safe ta ƙirga bakwai. Kada ka yi bayani. Ka maimaita shi sau uku, kowane karo yana matsowa: na farko a tsakar gida, na biyu a bakin ƙofarta, na uku a ƙarƙashin gado, da ɗumin tuwo a jikinsa. Dubu na biyu na mutanen gida ne. Sun sani, amma sun ƙi faɗa. Ta tambayi uwar miji, tsohuwa ta ci gaba da jan carbi ta ce a bar zancen. Akwai ɗakin da ba a buɗe ba tun rasuwar uwargida, akwai rijiyar da aka rufe da kwanon rufi aka danne da dutse. Gidan nan da bashi a kansa, ko gadon marayu aka cinye ko wata aka zalunta, kuma bashin shi ne injin labarin. Sai a kalma 300 na ƙarshe za ka nuna wani abu, shi ma ɓangare, hannu ko murya.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Wani ya zaunar da tsoho ya yi shafi biyu yana warware tarihin aljanin har kakansa. Wani ya ce ashe mafarki ne. Wani kuma ya rasa mafita sai ya kawo mai ruƙiyya ya gama komai a sakin layi ɗaya. Addu'a takobin mumini ce, babu mai musu, amma marubuci ya fake da ita don ya gudu daga aikinsa, wannan lalaci ne.

Na san za a ce ai a WhatsApp ake sakin shafi kullum, kuɗi mutane suka biya, dole a firgita su kullum. Ku bar wannan zancen. Wanda aka bari da kwano na bakwai shi ne zai kwana yana jiran shafin gobe. Wanda aka nuna wa kofato ya riga ya ƙoshi.

Ke kuma da aka yi wa caa, don Allah kada ki sauya komai, hannunki yana da kyau.

Af, tun da ana maganar, marubuta ku daina tsoma baki a tsakiyar labari. Yarinya tana tsaye gaban rijiya cikin duhu, sai ka ga an buɗe baka an rubuta "ni kaina na tsorata wallahi", an jera fuskokin nan masu ihu guda takwas, sannan an bi da tallar turaren wuta da lambar waya. A gaban rijiyar fa.